Buroshi da ruwan wanki na farantin sola da rufin haske a Damagaram: wanne ya kamata ka saya?

Duk wanda ya hau saman ɗakinsa a watan Janairu a garin nan ya san abin da zai tarar. Ka wanke pano, wato farantin sola, ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta zagayo kana iya rubuta sunanka da yatsa a kansa. Iskar hunturu ce ke kwaso ƙura daga arewa maso gabas, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta yi ta zuba mana tun daga Nuwamba har Maris. Ruwan saman da zai wanke ta kuwa sai wajen Yuni, kuma daminar tamu wata uku ce zuwa huɗu. Sauran watannin, wankin yana wuyanka.

Tun da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a Agustan 2023, gidajen da suka ɗora sola suka ƙaru daga Birni har Zango da Sabon Gari. Masu sabon gini kuma sun shiga rufa baranda da tsakar gida da kwanon roba mai haske, don a samu inuwa ba tare da duhu ba. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce, wane sabulu ne ya fi? Ni kuwa sabulu shi ne na ƙarshe a lissafina. Ƙurar da ke kan rufinka akwai yashi a cikinta, kuma ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri: a ma'aunin tauri na Mohs tana kan 7, gilashi yana wajen 5 da rabi. Duk abin da ya danna wannan ƙura ya ja ta a kan gilashi ko roba, karce yake yi, ko idonka bai gani ba a ranar.

Na koyi wannan da kuɗina. Rumfar tsakar gidanmu rufin roba ne, na sa yaro ya wanke ban tsaya na nuna masa yadda ake yi ba. Ya ɗauki buroshin wanke ƙasa da garin sabulu ya dirje ta da iya ƙarfinsa, da niyyar ya faranta mini rai. Da ta bushe sai ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, har yau ba ta dawo ba.

Abubuwan da nake aunawa da su

Na farko, shin kayan yana karce? Wannan ya rinjayi sauran duka, domin datti yana fita amma karce ba ya fita. Na biyu, ruwa nawa yake ci? Garin da yake zaune a kan dutse, ake jawo masa ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, mutanensa suna sayen jarka a hannun ƴan garuwa, ba wurin da za a saki tiyo ya yi ta kwarara ba ne. Na uku, zai kai ka inda kake so kana tsaye a wuri mai aminci, ko sai ka taka kwano? Sai ƙarkonsa a ranar garin nan da ke busar da roba ta farfashe, sannan kuɗi, na saye da na canji.

Kafin ka je Kasuwar Dole, ka san irin abin da ke saman gidanka, domin ba iri ɗaya ba ne. Fuskar pano gilashi ne mai ƙarfi, kaurinsa galibi milimita 3.2, da wani siririn shafi a sama wanda ke hana haske komawa baya. Gilashin yana da juriya, shafin ne ke lalacewa. Kwanon roba mai haske, wanda ake kira polikabonat, ya fi gilashi jure duka nesa ba kusa ba, amma fuskarsa laushi gare ta ƙwarai, kuma tana ɗauke da shafin da ke kare ta daga ƙunar rana. Idan shafin ya goge, robar za ta yi rawaya ta fara tsagewa. Akwai kuma kwanon haske mai zare-zare a ciki, irin wanda ake sawa a rufin shaguna da ɗakunan ajiya: idan aka dirje shi, zaren ya fito fili ya riƙa kama ƙura fiye da da.

Buroshi da danginsa

*Tsintsiya.* Kowane gida akwai ta, kuma da ita mafi yawan mutane suke farawa. Ta kaba da ta kwakwa ka bar su a ƙasa, bakinsu kaifi ne kuma suna ɗauke da yashin tsakar gida. Tsintsiyar laushi sabuwa, wadda aka keɓe wa pano kaɗai, tana iya kaɗe busasshiyar ƙura a kan gilashi idan an yi a hankali. A kan roba kuwa ko ta laushin ban yarda da ita ba.

*Buroshin wanke ƙasa, soson ƙarfe da soson raga.* Ba zan daɗe a nan ba. Araha ba ta ado. Waɗannan su ne suka fi ɓata rufi a garin nan.

*Buroshin wanke mota mai laushi a kan doguwar sanda.* Wannan ne na fi amincewa da shi a kan pano. Ka duba bakin gashin: mai kyau za ka ga kowane sili ya rarrabu a ƙarshensa kamar gashin masara. Ka goga shi a bayan hannunka ko a kuncinka, in ka ji yana suka ka ajiye. Ka zaɓi wanda gefensa yake da roba, don kada katakon ko ƙarfen ya daki gilashi. Amfaninsa shi ne gashin ba ya riƙe yashi, da ka tsoma a bokiti ya zube. Sandar kuma ba dole ka sayi ta kanti ba, mai walda zai haɗa maka, ko ka ɗaura a gora mai tsawon mita uku zuwa huɗu. Idan kana wanke shi ka rataye a inuwa, gashin yana kallon ƙasa, zai daɗe. Ka bar shi a saman rufi kuwa, rani ɗaya ya ishe shi.

*Tsumman mikrofiba a kan sanda.* Shi ne abokin rufin roba. Masu ƙera polikabonat da kansu suna cewa a yi amfani da tsumma ko soso mai laushi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a sa buroshi, kada a sa reza, kada a sa robar share ruwa. Sai dai yana da aibi guda da ya kamata ka sani: yadda yake kama datti haka yake kama yashi, ya riƙe. Idan ka ci gaba da gogawa ba ka ɗauraye ba, ya zama takardar gurza katako. Shi ya sa nake aiki da bokiti biyu, ɗaya na ɗauraya, ɗaya na ruwa mai tsabta, kuma ba na ɗora tsumma sai na fara watsa ruwa ƙura ta gangara. Ka sayi kai biyu ko uku tun farko, domin suna ƙarewa.

*Robar share ruwa, wadda muke kira raklet.* Ba ta wanki, tsane ruwa take yi bayan an gama. A kan gilashi tana da amfani babba ga wanda ruwansa ke barin tabo, domin ta kwashe ruwan kafin ya bushe. Bakinta yana taurara da zafi, kuma da ya tsage zai riƙa barin layi. Kada ta kusanci polikabonat.

*Buroshi mai tiyo a cikin sanda.* Sandar tana miƙewa ta kai mita biyar, shida ko fiye, ruwa yana fitowa ta tsakiyar gashin yayin da kake gogawa. A wajen kare gilashi babu kamarsa, tun da yashin yana tafiya da ruwa nan take, kuma kana tsaye a ƙasa ko a bakin dakali. Matsalarsa a wurinmu ita ce yana son ruwa mai ƙarfi, famfo kuwa ba kullum yake kawowa ba, in ya kawo ma sau da yawa ba ya hawa sama. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a haɗa tiyon da famfon feshi na goyo mai lita 16, ko da ƙaramin injin ruwa na bolt 12 a tsoma a jarka. Famfon feshin ya zama sabo, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa ba. Ka kuma duba maƙallan da ke riƙe gaɓoɓin sandar, su ne suke fara karyewa, kuma samun madadinsu sai an yi saƙo Kano.

*Buroshi mai juyawa da batir.* Na masu pano da yawa ne, irin na rijiyar burtsatse ta gari ko babban lambu. Yana da nauyi a ƙarshen doguwar sanda, yana da tsada, ƙura kuma tana shiga injinsa. Mai pano shida ko takwas ba ya bukatarsa.

*Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi.* Wasu suna kiran masu wankin mota su hau da shi. Ƙarfin ruwan yana kutsawa ƙarƙashin firam ɗin pano, yana ɗaga robar da ke toshe mahaɗar kwano, yana cusa ruwa cikin ramukan polikabonat mai hawa biyu, inda zai zauna ya yi kore. Ga cin ruwa. Ban ba kowa shawararsa ba.

| Kaya | Kuɗi | Ƙarko | Cin ruwa | A kan pano | A kan rufin roba |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsintsiyar laushi sabuwa | araha | gajere | babu | kaɗe ƙura kawai | a'a |
| Buroshin ƙasa, soson ƙarfe | araha | dogo | matsakaici | a'a | a'a |
| Buroshin mota mai laushi | matsakaici | dogo, in yana inuwa | kaɗan | ya dace sosai | gara a guje shi |
| Tsumman mikrofiba | araha zuwa matsakaici | gajere | matsakaici | ya dace | shi ya fi |
| Raklet | araha | matsakaici | babu | bayan wanki | a'a |
| Buroshi mai tiyo | tsada | matsakaici | ya danganta da hannunka | ya fi duka | sai an sa kan tsumma |
| Buroshi mai batir | tsada sosai | ya danganta da gyara | matsakaici | ga pano masu yawa | a'a |
| Injin feshi mai ƙarfi | haya | ba naka ba ne | da yawa | a'a | a'a |

Ban sa farashi da lamba ba saboda yawancin kayan nan daga Kano suke shigowa, kuɗinsu yana bin canjin naira da sefa da halin da iyaka take ciki. Amma ga lissafin da zai taimake ka. A ce kana da pano takwas masu wat 300, ƙura ta cinye kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu. Ka rasa wat 480 ke nan, fiye da pano ɗaya da rabi. Buroshi mai kyau da sandarsa ba su kai kuɗin pano ɗaya ba.

Ruwan kansa

A nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ruwan da ke da zartsi ko kanwa, in ya bushe a kan gilashi mai zafi, yana barin farin tabo da ke manne fiye da ƙurar da ka wanke. Gwajin ba shi da wuya: ka ɗiga ruwan a kan madubi mai tsabta, ka ajiye a rana. In ya bushe bai bar komai ba, ka samu. In ya bar farin zobe, to ko dai ka canza ruwa, ko ka riƙa tsanewa da raklet nan take.

Ruwan sama da aka tara a tanki mai murfi shi ya fi kowanne, ban da na farkon damina da ke wanko dattin rufi. Ruwan da ke ɗiga daga kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ma ba shi da gishiri, sai dai a hunturu, lokacin da ka fi bukatarsa, iska a bushe take, ɗigon ba ya taruwa. Ruwan tafki kada ka hau da shi, laka ce da yashi. Na garuwa kuwa ka bar shi ya kwana ya kwanta, ka tsiyaye na sama.

Ni jarka ɗaya mai lita 20 tana isar mini pano takwas, in na yi da buroshin mota da buta: rabi na jiƙawa da gangarar da ƙura, rabi na gogawa da ɗauraya. Ruwan da ya zubo kuma yana tafiya gindin bishiya, wanda hakan ma dalili ne na rashin zuba masa sinadari.

Sabulu da sauran abin zubawa

Ma'aunin pH yana nuna tsami ko kaifin abu, 7 ne tsakiya. Abin da ya yi nisa da 7 ta kowane ɓangare yana cin wani abu a rufinka.

Ruwa zalla ya isa a wanki tara cikin goma, tun da ƙurarmu busasshiya ce ba ta da maiƙo. Inda ake bukatar ƙari shi ne kashin tattabaru, da ɗigon itacen dogon yaro, da hayaƙin madafa ko na janareto in yana bugun rufin. A nan sabulun ruwa na wanke kwanoni ya wadatar, ƙaramin cokali ɗaya a bokiti, domin yana kusa da tsakiyar ma'auni kuma yana ɗaurayuwa. In ka cika shi, ya bar santsin da ƙura za ta manne wa gobe.

Kashin tsuntsu kada ka bar shi ya kwana biyu a kan pano. Ƙwayoyin pano, wato ƙananan gidajen da ake gani ƙarƙashin gilashin, a jere suke kamar carbi, in aka rufe ɗaya sai ta tare wa sauran hanya, ita kuma ta yi zafi har tana iya ƙonewa. Ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai na ƴan mintuna ya yi laushi, sannan ka share. Ban da kankarewa da wuƙa.

Omo yana wajen 10 zuwa 11 a ma'auni. Yana dusar da firam ɗin alminiyom, yana barin fari, ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna gurza, kuma polikabonat ba ya shiri da abu mai kaifi irin wannan. Sabulun salo da sabulun sanda su ma masu kaifi ne, in suka haɗu da ruwa mai zartsi sai su yi dussa-dussa su manne. Jabel, wato ruwan bilic, ya fi su duka ɓarna: yana cin alminiyom da kusoshi da robar mahaɗa. Fetur, tina da asiton kuwa suna sa polikabonat ya yi tsatsage ko ya narke. Ruwan goge gilashi mai launin shuɗi da ake fesawa yana da kyau a tagar gilashi, amma da yawa daga cikinsu akwai amoniya, wadda ke lalata rufin roba.

Binega tana da gurbi ɗaya: cire tsohon farin tabon ruwa a kan gilashi. Kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a shafa, a ɗauraye sosai kafin ta zauna a kan firam. Kuma don Allah a gaya wa duk wanda ke aikin, har da yaran gida, kada a taɓa haɗa binega da jabel. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Akwai kuma robobin ruwan wanki da ake kawowa daga Turai, an rubuta na wanke rufin gilashi ne. A Ingila da Faransa mutane suna gina ɗakin gilashi a jikin gida don shan hantsi, kuma abin da ke damunsu shi ne gansakuka da koren da danshi ke haifarwa. Maganin nasu na kashe wannan ne. Mu da muke wata takwas babu ɗigon ruwa, kuɗinka kawai za ka zubar. Wanda aka yi musamman don pano ba ya cutarwa in an bi ƙa'idarsa, sai dai aikin da zai yi maka a kan ƙura bai wuce na ruwa mai kyau ba. Idan panonka suna da takardar garanti, ka karanta abin da ta hana kafin ka zuba komai.

Lokaci da tsaron rai

Bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, shi ne lokacin. A Afrilu da Mayu, da zafin gari ke wuce digiri 40, fuskar pano da tsakar rana tana haura 60. Ruwan sanyi a kan gilashi mai wannan zafi yana iya tsaga shi, in bai tsaga ba ma ruwan zai bushe kafin ka ɗauraye.

Ka kashe makunnin da ke tsakanin pano da injin caji, amma ka sani muddin akwai haske pano yana fitar da wuta. In ka ga gilashi ya fashe ko waya ta zare, kada ka zuba ruwa, ka kira mai haɗa sola. Kada a taka pano, domin ƙwayoyin suna tsagewa a ciki ba tare da an gani ba. Kada a taka rufin roba ko kwanon haske ko kaɗan, ba sa ɗaukar mutum. Tsani ya zarce bakin rufi da kamar mita ɗaya, wani ya riƙe shi a ƙasa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne doguwar sandar ƙarfe a unguwannin da wayar wutar lantarki ta Nigelec ke ratsawa dab da soro. In gidanka haka yake, ka ɗauki gora busasshiya ko sandar da ba ta ɗaukar wuta, ka ɗaga kai ka duba sama kafin ka ɗaga ta. Wannan aiki ba na aiken ƙaramin yaro ko almajiri shi kaɗai ba ne.

Wa ya dace da wanne

Mai pano biyu zuwa takwas a kan rufin siminti da ake iya tsayawa: buroshin mota mai laushi, gora, bokiti da buta, da raklet in ruwanka yana barin tabo. Sau ɗaya a mako a hunturu, in hazo ya yi yawa sau biyu. Ka kula da gefen ƙasa na firam, domin panonmu ba su da gangara sosai, wajen digiri 15 ake jingina su, laka tana taruwa a nan ta rufe layin ƙarshe.

Mai pano a kan kwano mai gangara ko gidan bene: ka daure ka sayi buroshi mai tiyo da famfon goyo. Abin da kake saye a nan shi ne rashin hawa.

Hajiya ko dattijon da ba shi da mai hawa masa kullum: a sayi kayan gida a ajiye, mai zuwa wankin ya yi aiki da su, kada ya zo da nasa buroshin da aka wanke tayar mota da shi.

Mai rumfa ko baranda ta polikabonat: ruwa da farko, tsumman mikrofiba a kan sanda, ɗigon sabulun kwanoni, a bi tsawon kwanon daga sama zuwa ƙasa ba a yi zagaye ba. Ba ya bukatar wanki kowane mako kamar pano, kuma yawan gogawa ma cutarsa yake. Sau ɗaya a wata ya isa, da ƙarin ɗaya bayan guguwar farkon damina.

Wanda ruwa ya yi wa wuya ƙwarai: ka kaɗe pano a bushe da buroshi mai laushi, hannu sake, kowane kwana biyu ko uku kafin ƙurar ta kama, ka ajiye jarkar don wanki sosai duk mako biyu. Rufin roba kuwa ka bar shi da ƙurarsa har ranar da ruwa ya samu.

Kwamitin rijiyar burtsatse ko mai lambu da pano ashirin zuwa sama: buroshi mai tiyo guda biyu da mutum ɗaya da aka koya wa aikin aka kuma yanka masa lada. Ruwan rijiyar yana kusa, amma a yi masa gwajin madubi tukuna. Sai in pano sun kai yawan da mutum ɗaya ba zai gama kafin hantsi ba, sannan a fara maganar mai batir.